Taku Biyu Daga Dutse

A Sanok, idan Oktoba ta kusa ƙarewa,
mutane kan tuna da waɗanda ke kwance a kan tudu.
Za a zo da kyandir da furanni,
kuma ba mai son uwarsa ta karɓi baƙi
da gansakuka a kan sunanta.
Sai su kira kawu Wincenty,
shi kuma ya kira ni,
don gwiwarsa ta daina shiri da hawa.

Injin ja ne, fenti ya koɗe,
taya ɗaya na kuka in ana tura shi.
Ba na taɓa igiya sai na duba mai:
in zaro sanda, in goge a tsumma, in mayar, in sake zarowa.
In ya yi fari kamar madara,
ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba.
Sai 'yar ragar da ke bakin tiyo,
ba ta kai faɗin farce ba,
amma tsakuwa uku da suka taɓa kuɓuce mata
sun kwantar mana da famfo mako guda.

"Ruwa tukuna, Dobrawa."
Kullum da haka yake farawa.
"Buɗe ruwa, matse kunama,
bari tiyo ya gama tarinsa.
Famfon da ya tashi da ƙishi, kansa yake ci."
Sannan in ja igiya.
Ja na farko gaisuwa ce, a na uku yake amsawa,
hankaki su watse daga kan majami'a.

Bakunan feshi huɗu ne a aljihuna.
Fari mai shafa, kore mai kankarewa,
rawaya na dakalin siminti.
Jan kuwa huda yake,
kawu ya ce ko maƙabarta kada ya shigo.

Shekarar farko ban ji ba.
Wani dutse mai laushi, launin ƙasa,
datti ya kafe a cikin haruffa.
Na matsa, na ƙara matsawa,
ina jin daɗin ƙarfin da ke dukan kafaɗata.
Da ruwa ya tsane,
Apolonia ta rasa harafinta na ƙarshe.
Ɗanta ya zo da yamma, tsoho ne mai sanda.
Ya sa yatsa a gurbin, ya zana abin da ya ɓace,
ya sake zanawa.
Ya biya kuɗinmu cif, bai ce komai ba.
Da ma zagina ya yi.

Tun ranar nake ƙirga taku biyu,
in karkata hannu, in yi shara daga sama zuwa ƙasa,
inda ya ƙi fita in sa buroshi da haƙuri.
In zan huta, in kashe injin,
don ruwan da ke zagaye a ciki ba mafita
zafi yake yi, ya cinye roba.

Daren jiya raɓa ta daskare a kan shinge.
Na kwance tiyo, na zazzage shi,
na ja igiya a hankali har famfo ya tofar da ɗigon ƙarshe,
na ɗura masa ruwan hana daskarewa,
na shafa man giris a zoben roba,
na juye fetur a galan.
Ƙanƙara ba ta buƙatar guduma,
cokali ɗaya na ruwa ya ishe ta fasa tagulla.

Amma kafin nan na wanke dutse ɗaya kyauta,
a layi na tara, kusa da bishiya.
Kawu ya saye shi tun bara,
an sassaƙa sunansa da shekarar haihuwa,
an bar fili a gefe.
Ya lallaɓa ya hau tudun da kansa,
ya zauna a benci yana haki,
hula a gwiwa, yana kallon ƙafafuna.
"Kin yi kusa," in ji shi.
Na ja da baya rabin taku.